Yadda Soja Suka Haɗiye Japan Ba Tare da Juyin Mulki Ba

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda ke da jarrabawa gobe ya adana shi sai ya fito.

Duk lokacin da hirar ci gaban ƙasashe ta taso a tsakaninmu, a ɗakin kwana ne ko a zauren WhatsApp, da wuya a tashi ba a ambaci Japan ba. Ƙasa ce da ba ta da mai, ba ta da ma'adinai na a zo a gani, amma cikin ƙasa da shekara 40 ta tashi daga mulkin masu takobi ta kai ga doke Rasha a fagen fama. Wannan gaskiya ne. Sai dai labarin yana da kashi na biyu wanda ba mu cika kawowa ba, wato yadda sojan da aka gina don kare ƙasar ya fi ƙarfin masu mulkinta, ya ja ta zuwa yaƙin da ya mayar da biranenta toka a 1945.

A karatuna na digiri na biyu na daɗe a kan wannan zamani, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu ranar da Japanawa suka wayi gari suka ji soja a rediyo yana cewa ya karɓi mulki. Kundin tsarin mulkin 1889 yana nan daram har bayan yaƙi. Majalisa na zama, har a 1942 an yi zaɓe. Abin ya shigo ne ta ƙofa uku: giɓi a cikin doka, laifin da aka ƙi hukuntawa, da shirun masu ilimi. Bari mu bi su daki-daki.

GIƁIN DA AKA BARI A DOKA

A watan Yulin 1853 wani hafsan sojan ruwan Amurka, Matthew Perry, ya shigo mashigin tekun Edo, inda Tokyo take a yau, da jiragen yaƙi 4. Japan ta yi sama da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da Turawa, amma ba ta da abin tare waɗannan jirage. Yarjejeniyoyin da aka sa ta sa wa hannu a 1858 sun ce Bature in ya yi laifi a Japan, kotun ƙasar ba ta da hurumin yi masa shari'a, kuma gwamnati ba ta da ikon yanka harajin kayan da ke shigowa yadda take so. Ga kuma abin da Birtaniya ta riga ta yi wa ƙasar Sin suna gani. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, dole su shafa wa nasu ruwa.

A 1868 matasan mayaƙan samurai, akasari daga yankunan Satsuma da Choshu, suka kifar da gwamnatin shogun, suka mayar da mulki da sunan Sarki Meiji, yaro ɗan shekara 15. Takensu shi ne ƙasa mai arziki, soja mai ƙarfi. A 1873 aka kafa dokar shiga soja dole, ɗan manomi ya fara riƙe bindiga.

To, a nan ne aka shuka matsalar. Yamagata Aritomo, wanda ya gina rundunar sojan ƙasa, ba ya ƙaunar 'yan siyasa, yana tsoron kada wata rana jam'iyyu su mayar da soja kayan aikinsu. Saboda haka a 1878 aka ware ofishin hafsan hafsoshi daga ƙarƙashin gwamnati, aka ce ga sarki kaɗai yake kai rahoto. Sashe na 11 na kundin 1889 ya tabbatar da haka: sarki ne ke da ikon umarnin soja, ba majalisar ministoci ba. A 1900 Yamagata ya ƙara wata doka, cewa ministan soja da na sojan ruwa dole su kasance janar ko admiral da ke bakin aiki.

Ku lura da abin da wannan doka ta ƙunsa. In soja ba sa son wata gwamnati, sai su janye ministansu, su ƙi ba da wani. Shi ke nan gwamnati ta faɗi. Haka suka yi wa Firayim Minista Saionji a 1912, don ya ƙi ba da kuɗin ƙara runduna 2. An sassauta dokar a 1913, amma ku riƙe ta a zuciya, za ta dawo. Muddin dattawan da suka yi juyin 1868 suna raye, su ne ke ɗaure tsakanin soja da farar hula, domin duk yaransu ne. Da suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, Yamagata kansa ya mutu a 1922, sai aka bar runduna wadda a takarda sarki kaɗai take ji, sarkin kuma bisa al'ada ba ya cika sa baki.

IYAKAR DA BA TA ƘAREWA

A 1890 Yamagata ya gaya wa majalisa cewa ƙasa tana da layi biyu: layin iyakarta, da kuma layin muradinta wanda ke can waje, wanda in ba a tsare shi ba iyakar ma ba ta tsira ba. A lokacin Koriya yake nufi. Matsalar wannan tunani ita ce duk ƙasar da ka ci ta zama sabuwar iyaka, ita ma tana buƙatar nata layin muradin. An ci Koriya don a kare Japan, sai a ci Mancuriya don a kare Koriya, sai arewacin Sin don a kare Mancuriya.

Nasarorin farko sun sa abin ya yi daɗi. A yaƙin 1894 zuwa 1895 Japan ta doke Sin, ta karɓi tsibirin Taiwan da diyya mai tsoka. Amma Rasha da Faransa da Jamus suka haɗa baki suka tilasta mata mayar da yankin Liaodong, bayan shekara 3 kuma Rasha ta karɓe tashar jiragen ruwa ta Port Arthur da ke wurin. Japanawa suka ɗauki darasin cewa a duniyar nan mai ƙarfi ne ke da gaskiya. A 1905 suka rama, suka nutsar da rundunar jiragen ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Wannan nasara ta faranta ran mutanen da ke ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka tun daga Indiya har Masar. Amma shekara 5 bayan haka, a 1910, Japan ta haɗiye Koriya ɗungurungum, kuma da Koriyawa suka fito zanga-zangar neman 'yanci a Maris 1919, da bindiga aka tarbe su. Wanda ya tsere wa mulkin mallaka ya koma shi ne mai yi.

Wani abu kuma, ba soja kaɗai ke da wannan zazzaɓi ba. Da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu da Rasha a 1905 ba tare da diyya ba, talakawan Tokyo ne suka fito suka ƙona ofisoshin 'yan sanda, wai an sayar da jinin 'ya'yansu da arha.

ƘORAFIN GASKIYA A HANNUN MASU MUGUN MAGANI

Shekarun 1920 sun yi kama da Japan za ta bi wata hanya. Jam'iyyu ne ke kafa gwamnati, an rage kuɗin soja, a 1925 aka bai wa duk namiji mai shekara 25 'yancin jefa ƙuri'a. Amma a wannan shekarar dai aka yi dokar kiyaye zaman lafiya, wadda ta ba da damar ɗaure duk wanda aka ce yana neman sauya tsarin sarauta ko na mallakar dukiya. A shekarar ne kuma aka fara tura hafsoshin soja makarantun sakandare da na gaba da su suna koyar da fareti.

Masu tsattsauran ra'ayi suna da abin nunawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. A taron Paris na 1919 Japan ta nemi a rubuta daidaiton jinsin ɗan Adam a dokar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta samu ƙuri'a 11 cikin 17, amma Shugaba Wilson na Amurka ya ce sai kowa ya yarda. A 1922 aka ƙayyade manyan jiragen yaƙi: Amurka 5, Birtaniya 5, Japan 3. A 1924 Amurka ta rufe ƙofarta ga baƙi daga Japan.

Sai ga karayar tattalin arzikin duniya ta 1929. Kusan gidajen manoma miliyan 2 ne ke kiwon tsutsar siliki, kuma Amurka ce babbar kasuwarsu. Farashi ya faɗi warwas. A arewa maso gabashin ƙasar sanyi ya lalata shinkafa a 1931 da 1934, har iyaye suka riƙa sayar da 'ya'yansu mata ga gidajen karuwai. Ƙananan hafsoshi suna jin waɗannan labarai daga bakin kuratan da ke ƙarƙashinsu, 'ya'yan manoman nan. Suna duba Tokyo sai su ga 'yan siyasa da manyan kamfanoni irin su Mitsui da Mitsubishi suna ci a akushi ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin da suka kawo shi ne a kashe azzaluman da ke kewaye da sarki, a ci Mancuriya don samun ƙasar noma da gawayi da ƙarfe.

LAIFI BA HUKUNCI

A Yunin 1928 wani kanar na rundunar Kwantung, wato sojan Japan da ke gadin layin dogo a Mancuriya, mai suna Komoto Daisaku, ya dasa bam ya kashe Zhang Zuolin, madugun da ke mulkin yankin. Ba gwamnati ce ta aike shi ba. Soja suka ƙi yarda a gurfanar da shi, aka dakatar da shi daga aiki kawai. Wanda ya rasa kujerarsa a kan maganar shi ne Firayim Minista Tanaka. Kowane ƙaramin hafsa ya ga abin da ya faru.

A 1930 Firayim Minista Hamaguchi ya amince da yarjejeniyar London ta rage jiragen yaƙi, duk da adawar hafsoshin ruwa. Ku ji abin da jam'iyyar adawa ta Seiyukai ta yi. Don ta kayar da abokiyar hamayya, shugabanta Inukai Tsuyoshi da Hatoyama Ichiro suka tashi a majalisa suna cewa gwamnati ta shiga hurumin sarki na umarnin soja. 'Yan siyasa da bakinsu suka ce farar hula ba su da ta cewa a harkar soja. A Nuwamban shekarar wani matashi ya harbi Hamaguchi a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, ya rasu a 1931.

Daren 18 ga Satumba 1931, hafsoshin Kwantung ƙarƙashin shirin Ishiwara Kanji da Itagaki Seishiro suka tayar da ɗan ƙaramin bam a layin dogo kusa da Mukden, suka ce Sinawa ne, suka fara mamaya. Gwamnati a Tokyo ta ce kada a faɗaɗa rikicin. Babu wanda ya saurare ta. Janar Hayashi Senjuro, kwamandan sojan Japan a Koriya, ya tsallaka iyaka da dakarunsa ba tare da izinin sarki ba, laifin da a dokar soja hukuncinsa na iya kaiwa ga kisa. Majalisar ministoci ta zauna ta amince da kuɗin tafiyar bayan an riga an yi ta. Hayashi ɗin nan, a 1937 shi ne Firayim Minista. Ka ji fa.

Manyan jaridu irin su Asahi suka goyi bayan mamayar, cinikinsu ya ƙaru. A 1932 aka ƙirƙiro ƙasar jeka-na-yi-ka mai suna Manchukuo. A Fabrairun 1933 Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta ƙi amincewa da ita da ƙuri'a 42, Japan ita kaɗai a ɗaya ɓangaren. Wakilinta Matsuoka ya fice daga zauren, a gida aka tarbe shi kamar gwarzo.

Ran 15 ga Mayu 1932 ƙananan hafsoshin ruwa suka shiga gidan Firayim Minista. Wane ne a kujerar? Inukai, wanda shekara 2 da suka wuce yake kare hurumin soja. An ruwaito ya ce musu a zauna a yi magana za a fahimci juna, suka amsa cewa magana ba ta da amfani, suka harbe shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. A wajen shari'a makasan suka mayar da kotu dandalin wa'azin kishin ƙasa. Takardun neman a yi musu sassauci suka yi ta kwarara, wasu an rubuta su da jini, wasu matasa har yatsunsu suka yanke suka aiko. Ba a kashe ko ɗaya ba, kuma cikin 'yan shekaru duk suka fito. Daga Inukai ba a sake samun shugaban jam'iyya a matsayin Firayim Minista ba sai bayan yaƙi.

Ran 26 ga Fabrairu 1936 sojoji wajen 1,400 suka mamaye tsakiyar Tokyo, suka kashe ministan kuɗi Takahashi Korekiyo, dattijo mai shekara 81 da ke ƙoƙarin taka wa kasafin soja birki, da wasu manya. A wannan karon Sarki Hirohito ya fusata, cikin kwana 4 aka murƙushe boren, daga baya aka zartar da hukuncin kisa kan mutum 19. Sai dai manyan janar-janar suka ci ribar tsoron da ya shiga zukatan 'yan siyasa. A Mayun 1936 aka dawo da dokar nan ta 1900. Juyin mulkin bai yi nasara ba, amma soja sun samu abin da ya fi shi.

SHIRUN JAMI'A

Wannan ɓangaren namu ne, 'yan uwa. A 1933 ministan ilimi, wato Hatoyama ɗin nan dai, ya dakatar da Farfesa Takigawa Yukitoki na Jami'ar Kyoto, wai koyarwarsa a kan dokar manyan laifuka tana da warin gurguzu. Malaman tsangayar shari'a suka miƙa takardun murabus gaba ɗaya, ɗalibai suka mara musu baya. Amma malaman sauran jami'o'i ba su taso ba. Gwamnati ta karɓi murabus ɗin masu taurin kai, ta lallashi saura, magana ta mutu.

A 1935 aka juyo kan Minobe Tatsukichi, babban masanin tsarin mulki na Jami'ar Tokyo. Ra'ayinsa shi ne sarki wani sashe ne na hukumar ƙasa, yana aiki a cikin doka. Shekara da shekaru wannan ne ake koyarwa, da shi ake cin jarrabawar shiga aikin gwamnati. Rana ɗaya aka ce cin mutuncin sarki ne. Aka haramta littattafansa, ya sauka daga kujerarsa ta majalisar dattawa, a 1936 wani ya harbe shi ya ji masa rauni. Ba don son sarki kaɗai aka yi wannan ba. In sarki yana ƙarƙashin doka, to sojan da ke fakewa da sunansa ma yana ƙarƙashinta. A 1937 Yanaihara Tadao, masanin mulkin mallaka, shi ma aka tilasta masa barin Jami'ar Tokyo saboda sukar yaƙi.

RAMIN DA YA ƘI CIKA

Ran 7 ga Yuli 1937 wata 'yar musayar wuta a gadar Marco Polo kusa da Beijing ta zama cikakken yaƙi da Sin. Hafsoshi sun yi zaton aikin 'yan watanni ne. A Disamba suka shiga Nanjing, suka yi kisan kiyashi da fyaɗe na makonni. Kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ƙiyasta waɗanda aka kashe da sama da 200,000, ƙasar Sin kuma tana cewa 300,000. Duk da haka Sin ba ta miƙa wuya ba.

A Fabrairun 1940 wani ɗan majalisa, Saito Takao, ya tashi ya tambayi gwamnati ina wannan yaƙi ya dosa, kuma yaushe zai ƙare. Abokan aikinsa suka jefa ƙuri'a suka kore shi. Kafin shekarar ta ƙare jam'iyyu sun rusa kansu da kansu, Japan kuma ta ƙulla ƙawance da Jamus da Italiya. Da ta shiga kudancin yankin Indocina na Faransa a Yulin 1941, Amurka, wadda daga wurinta kusan kashi 80 cikin 100 na man Japan ke zuwa, ta rufe famfo. Zaɓi ya rage biyu: a fice daga Sin, ko a ƙwato rijiyoyin mai na Indonesiya da ke hannun Holan. A Agustan 1941 wata cibiyar nazari ta gwamnati, wadda ta tara haziƙan matasan ma'aikata, ta yi lissafi ta ce in aka yi dogon yaƙi da Amurka Japan za ta sha kashi. Janar Tojo ya ce lissafin kan tebur ne. A Oktoba ya zama Firayim Minista, ran 7 ga Disamba aka kai hari Pearl Harbor.

INDA LABARIN YA TAƁO MU

Layin muradin nan na Yamagata ya yi ta matsawa har ya kai Bama a 1942. Ba Bama ta Borno ba, Burma nake nufi, wadda yau ake kira Myanmar. Can Birtaniya ta kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cikinsu da dubban 'yan Arewa, suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan a 1944 da 1945. Mu da muke karatu a Kudu muna wuce barikin Letmauk a Ibadan, ko Myohaung da Arakan da Dodan a Legas. A gida kuma akwai Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya. Duk daga wannan yaƙi sunayen suka fito. Bam ɗin da wasu hafsoshi suka dasa a Mukden ba a hukunta su ba, ƙarshensa ya kai ga kakannin wasunmu sun kwanta a dazukan Asiya.

Su kuwa ɗaliban Japan, a Oktoban 1943 aka soke ɗage shiga soja da ake yi wa masu karanta shari'a da adabi da tattalin arziki. Ran 21 ga watan dubbansu suka yi fareti cikin ruwan sama a wani filin wasa na Tokyo, Tojo na kallo, daga nan sai fagen daga. Da yawa daga cikin matuƙan jiragen ƙunar baƙin wake na ƙarshen yaƙin daga cikinsu suka fito. Shekara 10 ke nan cif bayan korar Takigawa. Japan ta rasa mutum wajen miliyan 3, ƙasashen da ta mamaye sun rasa ninkin haka sau da yawa.

Kundin tsarin mulkin 1947 ya koma daidai kan giɓin nan. Sashe na 9 ya haramta wa ƙasar ɗaukar yaƙi a matsayin hanyar warware rikici, sashe na 66 kuma ya ce Firayim Minista da dukkan ministoci dole su kasance farar hula. Japan ɗin da muke yabo yau, ta Toyota da Sony, a ƙarƙashin wannan kundi aka gina ta.

Ga tambayar da nake so mu tattauna, musamman 'yan uwa masu karanta shari'a da kimiyyar siyasa. A wace gaɓa ce kuke ganin har yanzu ana iya tsayar da abin? Ni dai na fi karkata ga 1928, ranar da aka san wanda ya kashe Zhang Zuolin aka ƙi kai shi kotu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda yake ganin 1900 ce, ko 1931, ya kawo hujjarsa mu ji.